Hannun Daman Auta

Sama da shekara ashirin Auta da yayansa suna kiɗa tare a gidan cin abincin wani otal, duk Asabar da Lahadi da rana. Yaya ne mai jita, shi ke fitar da karin waƙa. Auta kuwa yana tsaye a hagunsa da jitar bas, mai kaurin murya, yana riƙe masa sautin ƙasa. Dandamalin ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin ƙofar kicin da wata tukunyar fulawar roba, in Yaya ya juyo da ƙarfi sai Auta ya kauce wa wuyan jitar. Furfura ta fara fito wa Auta a gemu, yana da mata da 'ya'ya, amma har masu wanke-wanken otal ɗin Auta suke ce masa, don haka suka ji Yaya na kiransa.

Wata Asabar ya zo kamar kullum. Ya fito da sifikoki biyu daga sito, ya warware wayoyi, ya goge kujerar Yaya da hannun riga. Tebura suka fara cika, ba Yaya ba alamarsa. Ya kira wayarsa, a kashe. Yana cikin tunanin ko haɗari ya yi a hanya, sai wani dattijo mai kai abinci ya matso, ya miƙa masa waya yana sosa ƙeya.

"Na ɗauka ka sani."

Hoto ne. Wata mawaƙiya da ake yayi a lokacin tana tsaye gaban doguwar mota da 'yan kiɗanta, za su tafi zagayen garuruwa. Ga Yaya can a gefe da sabuwar riga, ya rungume jitarsa, baki har kunne.

Manaja ya ce tun da mutane sun riga sun zauna, ya ɗan taɓa musu wani abu shi kaɗai. Auta ya taɓa. Dum, dum, dum-dum. Ba abin da ke bisa sautin, sai ƙarar cokula. Wata mata ta kira mai kai abinci ta tambaye shi ko injin wuta ne ke wannan gurnanin. Ba a jima ba Manaja ya yafito shi da hannu.

"Auta, kar ka ji haushina. Abin nan naka ba waƙa ba ne, gindin waƙa ne. In yayanka ya dawo ku zo."

Sai bayan kwanaki Yaya ya kira. Muryarsa wasai, ana jin hayaniya a bayansa.

"Dama ce ta zo, Auta. Mai jita kawai suke nema, suna da mai bas."

"Shi ne ba ka iya faɗa min ba, Yaya?"

"Da na faɗa maka da ka je ka haɗa ni da Mama, ta zaunar da ni tana kuka. Ka nemi wani yaro mana ka riƙe masa. Masu jita sun fi ƙudaje yawa a garin nan."

Auta bai nemi kowa ba. Ya sami aiki wajen masu ba da hayar lasifika, yana lodi, yana jan waya, yana hawa tsani. Bas ɗin na jingine bayan ƙofa, matarsa na rataye masa tawul.

A dalilin wannan aikin ya ga abin. An aike shi da wata sifika da ta ƙone wajen wani tsoho mai gyaran kayan kiɗa, wanda shagonsa ke ƙarƙashin matakalar wani bene, cike da warin dalma da tsohon katako. Can a lungu, bayan wata ganga da ta fashe, akwai wani dogon katako mai faɗin tafin hannu, ba ciki, ba rami, an gitta masa ƙananan ƙarafa tun daga sama har ƙasa, tsirkiya goma a miƙe a kansa.

"Baba, wannan fa? Jita ce aka yanke wa ciki?"

Tsohon ya yi dariya. Ya ce wani baƙo ne ya sayar masa da shi da zai bar gari, tun lokacin ba wanda ya ko taya. Ya maƙala ƙugiyar abin a bel, ya zura igiyar a kafaɗa, katakon ya tsaya a ƙirjinsa a karkace. Ya jona shi da sifika.

"Ba a jan tsirkiyar, ba a kaɗa ta. Dangwala ta kawai za ka yi da kan yatsa, ta taɓa ƙarfen, sai ta yi magana. Wannan rabin na ƙasa ne, irin naka. Wancan rabin na sama ne. Hagu na nan, dama na can, kowanne da aikinsa. Wanda ya iya, shi kaɗai mutum biyu ne."

"Kai ka iya, Baba?"

"Ni gyara na iya."

Auta ya kwana biyu maganar na masa yawo a ka. Sannan ya cire tawul daga kan bas ɗinsa, ya kai wa tsohon, suka yi musanye. Da ya shigo gida da abin, matarsa ta daɗe tana kallonsa, hannu a ƙugu.

"Ka ba da jitar da ta ciyar da mu, ka karɓo katakon guga?"

"Kayan kiɗa ne."

"To Allah ya sa ya iya guga ma, ko ma rage asara."

Daga ranar sunan abin ya zama falanki a gidan.

Ba malami. Sai bidiyoyin wasu mutane na nesa a waya, suna bayani da yaren da rabinsa kawai yake kamawa. Yana dawowa daga aiki da yamma sai ya shige ɗan ɗakin da suke ajiye tarkace, tsakanin tsohon keken ɗinki da buhunan kayan da yara suka fi ƙarfi, ya rage sautin sifika don maƙwabta.

Abin da ya fara ba shi kunya shi ne hagunsa, hannun da yake taƙama da shi. An jera tsirkiyoyin ƙasa a juye, mai kaurin tana tsakiya, suna sirancewa zuwa waje. Duk inda yatsansa ya saba zuwa ido rufe, sai ya tarar da wani sauti daban yana jiransa. Ga shi ya saba da ƙarfi. Yana dukan tsirkiya kamar mai kashe kyankyaso, ita kuwa sai ta yi ƙara ta mutu. Da ya koma shagon da ƙorafi, tsohon cewa ya yi, "Ka yi ta faɗa da shi ke nan. Sassauta. Kamar za ka taɓa ruwan zafi ka ji ko ya huce."

Hannun dama kuwa ba a magana. Shekara da shekaru yatsu biyu kawai yake aiki da su a wannan hannun. Sauran biyun kamar na aro, in ya ce su sauka sai su tsaya suna rawa a iska, ko su sauka tare kamar an ɗaure su. Da ya samu kowane hannu ya ɗan iya tafiyarsa shi kaɗai, sai babbar wahalar ta fito: da dama ta motsa, hagu sai ta tsaya cak tana saurare. In ya tilasta wa hagu ta ci gaba, sai dama ta bar nata ta bi ta hagu.

Matarsa ce ta samo dabara, duk da tsiyar da take masa. Ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa.

"Sa hagun ta yi ta tafiya, ni kuma in yi ta tambayarka. In ka amsa ba ta tsaya ba, ka ci."

Ya fara.

"Wace rana aka haifi babbarmu?"

Hannun ya tsaya.

"Ka faɗi sau biyu. Hannu ya tsaya, kuma ba ka sani ba."

Suka yi dariya, karo na farko a cikin watanni. Haka suka riƙa yi, har ya kai yana iya musu da ita a kan wanda ya bar famfo a buɗe, hagunsa na tafiya abinta.

Daga nan aka zo wurin da ba dariya. Ya gano bai san waƙoƙin ba. Shekara ashirin yana tsaye kusa da su, yana iya rera kowacce da baki, amma bai taɓa sanin inda suke zaune a kan tsirkiya ba. Dole ya tono tsofaffin bidiyoyin da mutane suka ɗauke su a otal, ya riƙa saurare yana tsayarwa, yana komawa baya, yana kwashe abin da Yaya ke yi guntu-guntu. Ya so a ce ya tarar abin ba wani abu ba ne. Sai ya tarar Yaya gwani ne fiye da yadda ya taɓa lura. Akwai wata 'yar lanƙwasa da yake yi kafin ya sauka a kan sauti, kamar mai tambaya kafin ya shiga ɗaki, wadda ta ci wa Auta makonni. A wani bidiyon ya ji kansa ya kuskure, ya ji yadda Yaya ya rufe ɓarakar nan take ba wanda ya gane. A duk bidiyoyin kuma, ko ɗaya ba wanda mai ɗauka ya juyo da waya wajensa. Kafaɗarsa kawai ke fitowa a gefe.

Wani lokaci sai ya kashe wayar ya zauna, falankin a ƙirjinsa. Matarsa ta taɓa leƙowa ta gan shi haka.

"Wai kana son abin nan kuwa, ko don Yaya kake yi?"

"Me ya kawo maganar Yaya?"

"Kullum muryar jitarsa nake ji a gidan nan, fiye da lokacin da yake gari."

Ya kunna wayar, ya koma kan bidiyon.

An kusa shekara biyu kafin wata yamma ya ɗauki waƙa tun daga farko ya kai ta ƙarshe, sama da ƙasa tare, ba inda ya tsaya. Ya jira ya ji daɗi. Abin da ya ji kawai shi ne ciwon kafaɗa, da son a ce akwai wani mutum guda a tsaye a bakin ƙofa yana ji.

Da ya koma otal da falankin, Manaja ya karɓe shi hannu bibbiyu. Tun tafiyarsu ya gwada masu kiɗa iri-iri, ba wanda ya zauna. Ya saurari waƙa biyu, ya zagaya bayan Auta yana neman inda aka ɓoye na'ura, sannan ya ce ya fara ranar Asabar, ya riƙe har da Lahadi kamar da. Mutane suka riƙa tasowa daga tebur suna ɗaukar hoto. Tambayarsu ɗaya ce: "Malam, mene ne sunan wannan?" In ya faɗa sai su gyaɗa kai su koma kan abincinsu. Duk da haka, yanzu shi ne a tsakiyar dandamali, kuma ba wuyan jitar da zai kauce wa.

Ana haka Yaya ya dawo. Mawaƙiyar ta sami wani matashi da ke iya rawa da jita a hannu, ya fi kyau a bidiyo. Auta bai ji daga bakin Yaya ba, Mama ce ta aiko a kira shi.

Ya same su a ɗakinta. Tana zaune a bakin gado, ƙafafunta da suka kumbura a kan matashi. Yaya na kan tabarma, ya rame, ya rina gashinsa baƙi wuluk, furfurar na leƙowa daga ƙasa. Suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a layin banki.

"Auta," in ji Mama, "ɗan'uwanka ya dawo. Abin da ya wuce ya wuce. Ciki ɗaya kuka fito, ba zan zuba ido ɗaya na aiki ɗaya na zaune ba. Ku koma yadda kuke."

"Mama, abin ba haka yake ba yanzu."

"Yaya yake? Jitar ce ta canza ko ku?"

Ba ya iya musu da ita. Ya ce Yaya ya zo gida su gwada.

Yaya ya zo da jitarsa wata yamma. Matar Auta ta kawo ruwa, ta gaishe shi a taƙaice, ta koma kicin ta bar ƙofa a buɗe. Ɗakin tarkacen bai ɗauki mutum biyu ba, sai da aka fitar da buhu ɗaya. Yaya ya dubi falankin sama da ƙasa, ya yi ɗan murmushi.

Suka fara wata tsohuwar waƙarsu. Ba su yi nisa ba abin ya cakuɗe. Duk inda jitar Yaya ta nufa sai ta tarar da hannun daman Auta ya riga ta, sautin biyu na karo kamar mutum biyu a ƙofa ɗaya. Yaya ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyi.

"Ka ga, cire hannun daman nan. Riƙe min ƙasa kawai kamar da, ni zan ji da sama."

Auta ya dubi hannun. Kan kowane yatsa ya yi kanta, har da ƙaramin da a da ba ya jin magana.

"In cire in kai shi ina, Yaya? Aljihu?"

"Ba faɗa ba ne. Wurin mutum ɗaya ne a sama. Kuma abin da kake yi ɗin ai nawa ne. Har kuskuren da nake yi a tsakiyar waƙar nan ka kwashe, ka ɗauka ado ne."

Daga kicin aka ji an ajiye murfin tukunya da ƙarfi.

"Naka ne," in ji Auta. "Ka tafi ka bar shi a ƙasa, na tsinta."

Yaya ya miƙo hannu.

"Kawo in ga abin."

Auta bai san dalilin da ya sa ya ba shi ba. Wataƙila so yake ya ga Yaya na dukan tsirkiya tana mutuwa, ya ga yatsunsa na rawa a iska. Yaya ya rataya shi a karkace, ya dangwala nan, ya dangwala can, ya karkata kai yana saurare. "Au, a juye suka jera na ƙasan," ya ce, kamar mai magana da kansa. Hannunsa bai yi nauyi ba ko kaɗan. Kafin ruwan da aka kawo masa ya huce daga sanyinsa, ya sa hagu tana maimaita sauti uku, dama na tafiya a kansu a hankali, tana tuntuɓe tana tashi, amma hagun ba ta tsaya ba. Abin da Auta ya yi watanni yana nema da taimakon matarsa da tiren shinkafa.

"Kai, abin da daɗi," in ji Yaya, fuskarsa ta saki kamar ta yaro. "Ba shi da wuya ma sosai. Ka ara min shi mako guda mana."

Auta ya miƙe, ya cire ƙugiyar daga bel ɗin Yaya da hannunsa, ya zare igiyar ta kansa. Ya goge tsirkiyoyin da tsumma, ɗaya bayan ɗaya.

"Ba na ba da aro. Kuma Manaja mutum ɗaya yake so."

"Ka tambaye shi?"

"Kai ka tambaye ni da za ka tafi?"

Yaya ya mayar da jitarsa cikin jaka. Zif ɗin ya maƙale, ya daɗe yana fama da shi, ba wanda ya taimaka masa. A bakin ƙofa ya ce wa matar Auta, "Amarya, na gode da ruwa," ya fita.

Ba a yi wata guda ba Manaja ya kira Auta ofis. Yana magana yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Yayanka ya zo wurina. Ka san tsofaffin kwastomomi suna tambayarsa. Yana da wata 'yar na'ura da ke buga masa ganga da bas, shi kaɗai ya isa. Na ce ya riƙe Lahadi, kai ka riƙe Asabar. Ai duk gida ne, ko?"

"Duk gida ne, Yallaɓai."

Lahadi ita ce ranar da iyalai ke cika wurin. Asabar rabin teburan babu kowa. Auta ya sani, Manaja ya sani, Yaya ma ya sani.

Daga wannan makon ya daina buga duk abin da ya kwaso daga Yaya. Ya zauna yana ƙirƙiro nasa karin, sauti bayan sauti. Ya san ba su kai ba. Suna tafiya daidai, ba kuskure, amma ba sa sa kowa ya ajiye cokali. Dattijon mai kai abinci ya taɓa tsayawa kusa da dandamali da tire a hannu ya ce, "Auta, ina waɗancan na da?" Auta ya ce masa ya zo gobe Lahadi zai ji su.

Sito ɗaya suke ajiye kaya, sifika ɗaya suke jonawa, amma ba su taɓa haɗuwa a otal ɗin ba. In za a je gaida Mama, matar Auta kan fara bugo wa matar Yaya waya ta ji ko suna can.

Mama kuwa murna ta ishe ta. Duk wanda ya shigo duba ta sai ta faɗa masa 'ya'yanta sun koma aiki wuri ɗaya. Ranar da Auta ya je, ta sa ya zauna kusa da ita, tana shafa masa kai kamar ba mai furfura ba.

"Na san ba za ka ba ni kunya ba. Yana kula da kai dai ko?"

"Yana yi, Mama."

"Kai ma ka riƙa haƙuri da shi. Babba ne."

Ta lalubo wata leda a ƙarƙashin matashi. Rigar Yaya ce, ta sa mata maɓallan da suka cire, ta ɗinke bakin aljihu da zaren da bai yi daidai da launin ba, don idonta ya yi rauni.

"Tun da kuna tare, ka miƙa masa. Ka ce ya daina cusa waya a aljihun gaba."

Auta ya karɓa. Ranar Asabar ya rataye ledar a ƙusa a cikin sito, ya gaya wa mai gadi ta mai jitar Lahadi ce, kuma an ce ya daina cusa waya a aljihun gaba. Mai gadi ya tambaye shi wa zai ce ya kawo.

"Ka ce daga gida."

Ya ja sifika zuwa dandamali. Tebur uku ne kawai da mutane, ɗaya ma sun kira a kawo musu lissafi.